Daga Wayar Magatakarda Zuwa Rumbun Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan sunaye ne. Kowace ƙungiyar gama kai tana da dukiya iri biyu. Akwai wadda ake gani da ido, watau buhunan hatsi da taki da kuɗin da ke hannun ma'aji. Akwai kuma wadda ba mu cika lissafawa ba, ita ce sanin mutane: wane ne ɗan ƙungiya, ina gonarsa take, wane dillali ne a Kasuwar Kurmi yake karɓar zumarmu, wa za a kira in an tashi kai barkono ko daddawa Kasuwar Rimi. Dukiya ta fari muna kulle ta, muna karanta lissafinta a taron shekara. Ta biyun kuwa, a yawancin ƙungiyoyinmu, tana cikin wayar magatakarda da littafin adireshin imel nasa. Ran da aka zare wayar a tashar mota, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ko Ubangiji ya kira shi gida, sai ƙungiya ta wayi gari ba ta san hanyar abokan cinikinta ba.

Maganin wannan shi ne a kwashe sunayen daga littafin adireshi a zuba su cikin abin da masu kwamfuta suke kira rumbun bayanai. Kada sunan ya ba mu tsoro. Rajista ce kawai wadda take cikin kwamfuta, an tsara ta yadda kowane mutum yana da layinsa ɗaya a kwance, kowane irin bayani kuma yana da gurbinsa a tsaye: gurbin suna, gurbin ƙauye, gurbin lambar waya, haka har ƙarshe. Amfaninta shi ne ana iya yi mata tambaya. A ce, "Nuna mana dukan mata masu noman gyaɗa," ko kuwa, "Su wane ne suka sayi waken soya a hannunmu bara?" Nan take sai ta fito da su.

Kwashewar kanta aikin minti kaɗan ne. Abin da yake cin lokaci, shi ne kuma ainihin darasin nan, gyaran sunayen ne kafin a zuba su. Gama littafin adireshi mutum ɗaya ne ya rubuta shi domin tunawar kansa, rumbu kuwa na jama'a ne, tilas baƙo ya iya karanta shi.

Yadda mutanen birni suke riƙe nasu

Waɗanda suke kai kaya cikin birnin Kano daga wajen Sumaila ko Tudun Wada ko Rogo sun san yadda ciniki yake tafiya a can. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma shekaru aru-aru ta yi tana ci ba tare da wata kwamfuta ba. Baƙo ya sauka wurin fatomansa, fatoma ya ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Duk wannan a ka yake riƙe da shi: wa yake biya a kan lokaci, wa yake ja, wa ya taɓa cin amana. Wani zai ce, to, tun da su sun iya, mu me ya hana mu?

Amsar ita ce, sanin fatoma gadon gida ne. Ɗansa yana zaune kusa da shi a zaure tun yana yaro, yana ganin masu shiga da fita, har ya gaji mutanen tare da gidan. Ƙungiya ba haka take ba. Mu zaɓe muke yi. Magatakardan bana ba ɗan na bara ba ne, wataƙila ma ba ƙauyensu ɗaya ba. Abin da gado yake yi wa gidan fatoma, rubutu ne kaɗai zai yi wa ƙungiya.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan matsawa. A 2012, sa'ad da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, gwamnatin tarayya ta fara rabon takin zamani ta waya. An rubuta miliyoyin manoma cikin babban rumbun bayanai na ƙasa, ana aika wa mutum saƙo ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Waɗanda suka yi zamanin sun tuna yadda wasu suka yini a wurin rabo aka ce ba a ga sunansu ba, wasu kuma saƙon bai taɓa iso su ba. Haka kuma shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka buɗe a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, sai da aka nemi manoma su zo ƙungiya ƙungiya, kowa da asusun banki da lambar BVN. Waɗannan shirye-shirye sun wuce, amma hanyar da suka kawo ta zauna. Duk mai son taimakon manomi yanzu, ko hukuma ko banki ko ofishin raya karkara na ikilisiya, abin da yake fara tambaya shi ne jerin sunaye, kuma ba ya jira.

Fitar da sunayen

In magatakarda yana amfani da Gmail, sunayen suna wurin da ake kira Google Contacts. Yawancin wayoyin Android ma can suke ajiye lambobinsu, don haka sau da yawa za a tarar da lambobin waya da adireshin imel a wuri guda. A nemi inda aka rubuta Export, a zaɓi irin fayil ɗin da ake kira CSV. Akwai wani iri kuma, vCard, amma shi ya fi dacewa da ɗaukar sunaye daga waya zuwa waya. CSV rubutu ne zalla, kowane mutum a layinsa, waƙafi yana raba bayani da bayani, kuma kusan kowane irin rumbun bayanai yana karɓarsa.

Kafin a taɓa kome, a yi kwafi biyu na fayil ɗin. Ɗaya a ajiye shi yadda ya fito, kada kowa ya gyara ko harafi ɗaya a ciki. A kan na biyun za a yi aiki. In aiki ya lalace, akwai wurin komawa.

A lura kuma, littafin na magatakarda ne, ba na ƙungiya ba. A ciki akwai surukansa, da likitansa, da abokan makarantarsa. Shi da kansa zai zauna ya cire nasa tukuna, kafin kwamiti ya ga sauran. Gmail kuma yakan tara adireshin mutanen da aka taɓa rubuta musu ko da sau ɗaya ne, a wani ɓangare dabam. Yawancin waɗannan ƙaiƙayi ne, amma a leƙa, gama wani lokaci a nan ne adireshin jami'in banki ko malamin gona yake ɓoye.

Sa'ad da aka buɗe fayil ɗin za a ga gurabu masu yawa, galibinsu fanko. Kada a damu da su. Amma akwai tarko biyu da suke kama kusan kowa, kuma duka biyun ba sa yin ƙara.

Na fari, sifiri. Lambar wayar Nijeriya tana da lambobi 11, tana farawa da sifiri, kamar 0803 ko 0706. In aka buɗe CSV kai tsaye da Excel, sai ya ɗauka lissafi ne, ya yar da sifirin gaba, lambobi su koma 10. Wannan da sauƙi, ana iya mayarwa. Wanda ya fi muni shi ne lambar da aka ajiye da 234 a gaba. Ita tana da lambobi 13, Excel kuwa yakan taƙaita doguwar lamba ya nuna ta da harafin E a tsakiya. In aka sake ajiye fayil ɗin a CSV a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan, ba mai dawo da su sai daga kwafin nan na fari. Saboda haka a gaya wa mai kwamfuta tun da wuri cewa gurbin lambar waya rubutu ne, ba lissafi ba. A kuma zaɓi hanya ɗaya ta rubuta lamba, ko duka da sifiri ko duka da 234, kada a gauraya.

Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. In ba a buɗe fayil ɗin da tsarin da ake kira UTF-8 ba, sai Ɗanladi da Ƙofar Mata su fito da wasu alamu kamar tafiyar kaza. A duba sunaye biyu ko uku masu waɗannan haruffa tun farko. In sun fito daidai, sauran ma daidai suke.

Zaman tantancewa

Ba a zuba sabon hatsi a kan wanda ƙwari suka ci. Wannan zama ba na masu ilimin boko kaɗai ba ne. A kira shugaba da ma'aji, da shugabar zumuntar mata, da dattijo ɗaya ko biyu waɗanda suka san kowa da asalinsa. Mai kwamfuta ya riƙa karantawa da ƙarfi, su kuma suna faɗin ko wane ne.

Za a ji abubuwan dariya. "Mai Taki." "Bulus Makanike." "Mijin Ladi." "Alhaji Kurmi 2." "Kada Ka Ɗauka." Duk waɗannan suna da ma'ana ga wanda ya rubuta, ga wani kuwa duhu ne. Kowanne sai an mai da shi cikakken suna. Amma kada a yar da laƙabin, a ba shi gurbinsa, domin in ka shiga ƙauye kana neman mutum da sunan da ke katinsa, mai yiwuwa ba wanda zai gane shi. Ga ɗan ƙungiya, sunan da za a sa a babban gurbi shi ne wanda yake kan katin shaidar ɗan ƙasa, harafi da harafi, da jerin da yake. In kati ya ce Yohanna kada a rubuta Yahaya, in ya ce Abubakar kada a rubuta Garba ko Habu, ko da yake kowa ya san mutum ɗaya ne. Kwamfutar banki ba ta san wannan ba.

Sa'an nan maimaici. Mutum ɗaya yakan fito sau uku, da tsohon layi, da sabon layi, da imel ɗin ɗansa. Google yana da wurin da yake nuna sunayen da yake zaton ɗaya ne, ya ce a haɗa su. Shawararmu ita ce kada a danna a haɗa duka gaba ɗaya. A ikilisiya ɗaya ana iya samun Bitrus Audu uku da Talatu Musa huɗu. In aka haɗa biyu suka zama ɗaya, bashin wani ya hau kan wani, rabon wani kuma ya ɓace, kuma ba za a gane ba sai ranar rabo, gaban jama'a.

Daga nan ne muka zo kan abin da muke ganin ya fi kome muhimmanci cikin aikin nan. Kowane ɗan ƙungiya a ba shi lambarsa ta ƙungiya, daga 001 zuwa sama, wadda ba ta canjawa kuma ba a ba wani ita ko bayan ya rasu ko ya fita. Masu kwamfuta da yawa za su ce a yi amfani da lambar waya a maimakon haka, tun da ba mutum biyu masu lamba ɗaya. A birni wataƙila haka ne. A ƙauyukanmu miji da mata da uwar miji suna iya zama a kan layi ɗaya. Layi kuma yana mutuwa. A Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layi da lambar NIN, a Afrilu 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, mutane da yawa suka sake sabo. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yakan sake sayar wa wani. Don haka lambar da aka ajiye shekara biyar da suka wuce tana iya zama ta wani baƙo a Legas yau. A raba lambobin tsakanin 'yan kwamiti, a kira kowace ɗaya, a rubuta ranar da aka tabbatar da ita a gurbi na musamman.

Ga wata tambaya da ya kamata a yi kafin a tashi daga zaman: wa ba ya cikin jerin nan? Littafin adireshi masu waya da masu imel kaɗai ya sani. Gwauruwar da take biyan kuɗin ƙungiya kowane wata da cinikin ƙuli-ƙuli, ba ta da waya, ba za ta fito a CSV ba. Mu tuna da abin da ya faru a Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka yi gunaguni domin ana tsallake waɗansu gwauraye a rabon abinci na kullum, har aka zaɓi mutum bakwai su kula da aikin. A karanta wurin a farkon zaman. Sa'an nan a ɗauko tsohon littafin ma'aji a gwada da sabon jerin, suna bayan suna. Wanda ba shi da waya a rubuta shi da lambarsa ta ƙungiya, a sa lambar wanda za a kira a isar masa da saƙo, a kuma nuna a fili cewa layin na maƙwabci ne ko na ɗa.

Adireshin cikin ganuwa

Abokan ciniki a yi musu jeri dabam, kada a gauraya su da 'yan ƙungiya, gama abin da muke so mu sani a kansu dabam ne. A nan gurbi ɗaya mai suna "adireshi" ba ya isa, musamman ga mutanen cikin birni. Wanda ya taɓa neman gida a Yakasai ko Mandawari ko Koki ya san lambar gida ba ta kai mutum ko'ina. Ana kwatance ne da unguwa, da ƙofar da za a shiga, da wata alama: bayan masallaci, kusa da gidan mai unguwa, lungu na biyu bayan marina. To, a raba su haka. Gurbin unguwa ko kasuwa, gurbin ƙofa, ko ta Nassarawa ce ko ta Mata ko ta Wambai ko Kabuga, gurbin layin kasuwa ko rumfa, da gurbin kwatance. A ƙara wani ɗan gurbi da za a amsa da i ko a'a: mota tana shiga? Lungunan birni da yawa sai kura ko amalanke ko ɗan dako, kuma direban da bai san haka ba zai tsaya da buhu 20 a bakin titi yana ciniki da masu turi, kuɗin kuwa daga ribar ƙungiya zai fita.

A rubuta sunan unguwa iri ɗaya kullum. In wani ya rubuta Ƙofar Wambai, wani K/Wambai, wani Wambai kawai, kwamfuta za ta ɗauka wurare uku ne. A rubuta abin da mutum yake saye, da ma'aunin da yake saye da shi, ko tiya ko buhu ko jarka, da yadda yake biya, hannu da hannu ko sai bayan mako. Amma gurbin nan ba wurin zagi ba ne. A rubuta abin da ya faru da ranarsa, "ya biya bayan kwana 40", kada a rubuta "macuci". Takarda tana da ƙafa.

In ƙungiya ta yi ƙarfi sai a buɗe jeri na uku, na shige da fice: wa ya karɓi taki, wa ya kawo hatsi, wa ya biya. A wannan jeri ba a sake rubuta suna da ƙauye, lambar ƙungiya kaɗai ake sawa. Ta haka in mutum ya sake waya, wuri ɗaya za a gyara. Ƙungiya mai mutum 50 ko 100 ba ta bukatar sayen wani abu mai tsada, Excel ko Google Sheets ya ishe ta.

Wa yake riƙe da mabuɗi

Tun Yuni 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. A taƙaice tana cewa a gaya wa mutum abin da za a yi da bayanansa, kada a tara fiye da bukata, kada kuma a yi amfani da su ga abin da ba domin shi aka karɓa ba. Ta kuma sa addinin mutum cikin bayanan da ake ƙara tsarewa. Jerin ƙungiyar ikilisiya, da sunaye da ƙauyuka da kwatancen gidaje, ba sai an gaya mana ba, ba abin da za a bari a kwamfutar shagon buga takardu ba ne. In a shago aka yi aikin, a tsaya a ga an share fayil ɗin kafin a tafi. Kada a watsa shi a zauren WhatsApp. Lokacin siyasa za a zo ana nema da daɗin baki, har da alkawarin taki. Ba magatakarda ne zai yanke wannan shi kaɗai ba, sai taron ƙungiya. Lambobin abokan cinikinmu na birni ma amana ce, sun ba mu ne domin ciniki.

BVN da NIN kuwa, kada a ajiye su cikin rumbun yau da kullum. A karɓa sa'ad da wani shiri na gaskiya ya bukata, da yardar mai su. Su ma lambobi 11 ne kamar lambar waya, don haka mai gaggawa yana iya sa wannan a gurbin wancan.

Ƙungiya ta buɗe imel da sunanta, ba da sunan wani mutum ba, a ajiye rumbun a can. Mutum biyu su san kalmar sirri, a kuma canja ta duk lokacin da aka yi sabon zaɓe. Mutum ɗaya ne kaɗai zai riƙa gyara, sauran su kawo masa gyaransu a rubuce. Sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, a buga jerin a takarda a sa cikin akwatin ma'aji, domin wuta da intanet ba su da alkawari.

Kafin taro mai zuwa, kowane magatakarda ya fitar da fayil ɗinsa, ya cire sunayen da suke nasa, ya zo da kwafi biyu. Ma'aji ya zo da littafin biyan kuɗi na shekara uku da suka wuce. Kowane ɗan ƙungiya ya zo da katinsa na ɗan ƙasa, wanda kuma ba shi da waya ya zo da lambar wanda ya yarda a riƙa kira dominsa.